Zuwa ga Yaya, daga Hustan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara. Ya jikin Inna, ƙafar ta saki kuwa?

Na turo dala 300 ta hannun wanda na saba. Dala 200 na kwanon ɗakin Inna ne, a rufe shi kafin damina, sauran na magani. Kada a ba Auta ko sisi a ciki.

Yaya, maganar da ta iso ni ta hana ni barci. Wai ana cewa a unguwa ina ƙera harsashi a Amurka, har Kawu ya je ya tayar wa Inna hankali. Hoton da na turo wa Auta ne ya jawo, shi kuma ya ɗora a waya kowa ya gani. Ni kafinta ne kamar yadda na bar gida. Wani dattijo Bature da nake yi wa gyare-gyare ne ya ce in kafa masa injinsa na sake cika kwanson harsashi a gareji. A nan Texas mafarauta da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi, sake cika shi suke yi a gida don amfanin kansu, doka ta yarda, sayarwa ce sai da lasisi. Farautar barewa a Nuwamba ake buɗe ta, shi ya sa yake gaggawa.

Injin ƙarfe ne mai nauyi, Rock Chucker na kamfanin RCBS, hannunsa kamar na famfon burtsatse, a danna ƙasa a ɗago. A kan tebur mai tsayin inci 36 ya ɗaure shi, tsayin kantar kicin ɗinsu ke nan. Ga mutum dogo, kuma a tsaye yake son aiki, duk dannawa sai ya sunkuya, bayansa ya riƙe. Na ce ya tsaya ya kama hannun injin ya kai shi ƙarshen ƙasa, na yi ta cusa katako a ƙarƙashi har muka sami inda ba ya lanƙwasa baya, kafaɗa ma ba ta ɗagawa. Wajen inci 42 ya tsaya, kusan daidai gwiwar hannunsa, yanzu yana ganin bakin kwanson ba sai ya duƙa ba. Saman teburin na haɗa falanki biyu da gam, na huda, na zura dogayen ƙusoshi masu noti da washa, don sukurun katako ba ya jure wannan dannawa, a hankali zai tuge. Sannan na ɗaure teburin da ginshiƙan bango don kada ya riƙa rawa. Da ya gwada, dariya ya yi ta yi, ya ƙara min kuɗi, ya kuma haɗa ni da abokansa biyu. Aikin da Baba ya koya mana ne, Allah Ya jiƙansa, ga shi Bature yana yaba shi.

Albarushi kuwa ko taɓa shi ban yi ba, yana kulle a wani akwati daban. Iyakar aikina katako da ƙusa.

Ka sa Auta ya goge hoton nan yau, a gabanka. Gida ba nan ba ne, a halin da ake ciki wannan magana tana iya ja muku abin da ba ku ji ba ba ku gani ba. Ka je wurin Kawu da kanka, cikin ladabi, ka karanta masa wannan. Inna kuma ka ce mata teburi na yi wa wani tsoho mai ciwon baya, gaskiyar ke nan.

Ni lafiyata ƙalau, zafin garin ne kawai, ga gumi, amma ɗan Kano ba zai yi kukan rana ba. Na san Inna ta ce shekara ta zagayo ban zo ba. Ba ni da abin cewa, a ba ta haƙuri, takarduna nake jira.

Kwanon nan dai, Yaya, kada a taɓa kuɗinsa don bikin kowa. In an rufe ka turo min hoto, ta wayarka, ba ta Auta ba.

A gaida Gwaggo da matarka.

Ƙaninka