Godiya ga Alhaji mai shagon tayil na Ƙofar Ruwa da yaransa

Assalamu alaikum Alhaji, da ku da duk yaran shago.

Na zaɓi in rubuta wannan a fili ne inda kowa zai gani, saboda godiyar da na yi muku baki da baki ranar da muka ƙarasa lissafi wallahi ban ji ta ishe ni ba, kuma su Hajiya ma sun ce lallai in faɗa wa jama'a. Ban sa sunanku ba don na san halinku ba kwa son a riƙa yayata ku, amma duk wanda ya saba shiga layin masu tayil a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano idan ya karanta zai gane wa nake nufi.

Gidan mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa da rahama, bene hawa ɗaya a Tarauni, ginin shekarun 1980. Bayan rasuwarsa magada suka zauna aka tsayar da cewa a sayar a raba, don muna da yawa kuma ɗaki ɗaki ne, akwai ƙannenmu da har yanzu suna makaranta, to ni aka wakilta a matsayina na babba. Ƙasan gidan babu matsala, saman ne abin. Jan kafet ne mai kauri daga bango zuwa bango, an manne shi da gam tun muna yara, ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, bakin ƙofar banɗaki ya ruɓe saboda ruwan alwala, ga ƙunar garwashin turaren wuta nan da can a ɗakunan iyayenmu mata. Mu da muka tashi a gidan hancinmu ya saba, amma duk mai saye da dillali ya kawo, da ya hau matakala sai ka ga fuskarsa ta canja, in ya sauko kuma sai ya yi tayin da dole mu ce albarka.

Shawara kam mun sha ta. Wani dillali ya ce a sa katakon nan na zamani da ake jerawa kamar na gidajen Abuja, wani ya ce a sa tayil ɗan Sifen mai ƙyalli a ko'ina har matakala, ƙanwata ta ce a cire tsohon kafet kawai a sa sabo a huta. A haka na shigo shagonku da niyyar in ji farashi.

Abin da ya fara burge ni Alhaji, ba ku ɗauko min kaya ba sai da kuka tambaye ni gidan na zama ne ko na sayarwa, kuma kuɗin wa za a kashe. Da na ce muku gidan gado ne kuma daga cikin dukiyar magada za a cire, sai kuka ce to ai dukiyar marayu ce, ba za ku sayar min da ko kwali ɗaya ba sai an je an ɗaga kafet ɗin an ga me ke ƙarƙashi. Kuka haɗa ni da ogan masu sa muku tayil muka tafi tare, ba ku karɓi ko sisi na zuwa dubawa ba.

Ina tsaye ya sa wuƙa ya yanka kusurwar falon sama ya ɗaga, ƙura ta turnuƙe sai da muka toshe hanci, ya kankare baƙin gam ɗin da ya bushe, ya ce a ba shi ruwa a buta ya zuba a wurin ya goge da tsumma, sai ga tarazo ya bayyana, fari da tsakuwa baƙi da kore ƙanana, ga layukan da aka raba shi gida gida suna nan yadda suke. Ni na ma manta da shi kwata kwata. Ya bi falon da baranda yana ƙwanƙwasawa da ƙarfe yana sauraro, ya ce ko'ina a cike yake babu inda ya saki. Ɗakunan kwana ne kawai babu tarazo, daɓen siminti ne zalla, shi ma ya farfashe ya yi rami a wurare.

Da ya kira ku a waya ya faɗa muku, ina jin abin da kuka ce, kada a taɓa tarazon nan, a kawo inji a goge shi kawai. Alhaji ku fa tayil kuke sayarwa, falon nan da baranda su ne suka fi ko'ina girma a saman, da kun yi shiru kun ce a rufe da tayil babu wanda zai zarge ku, ni kaina da na biya ina godiya. Amma kuka bar wannan cinikin, har ma kuka nemo mana mai injin goge tarazo wanda ba yaronku ba ne kuma ba ku da ko kwabo a aikinsa. Kun yi min bayani cewa ɗora tayil da siminti a kan tarazo ƙarin nauyi ne a kan tsohon dekin ba tare da dalili ba, kuma ƙasan zai taso sai an yanke gindin duk ƙofofi. Wannan abu shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, domin a wannan zamani da kowa ke kuka da kasuwa ba kowa ne zai iya ba.

Maganar katako kuma kun ce shi cikinsa garin katako ne aka matse, in ruwa ya shiga ta haɗin sai ya kumbura ya tashi, mu kuwa gidajenmu kullum cikin mofin da ruwa ake, ga yara ga buta. Sabon kafet kuma kun ce asarar kuɗi ce, don mai saye yawanci cire shi zai yi, sannan wasu ma in suka ga sabon kafet a tsohon gida sai su fara zargin ana ɓoye wani abu ne a ƙasa. Ga zafin bazara, a watan Afrilu Kano tana kai digiri 40, saman bene kuma shi ke shan rana, kowa ya fi son ƙasa mai sanyi. Gaskiya duk abin da kuka faɗa babu wanda hankali bai ɗauka ba.

Sai batun wane tayil za a sa a ɗakuna. Tun da aka saki naira a 2023 duk kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi, ɗan Sifen da ɗan Italiya sai wane da wane. Kuka nuna min na gida wanda ake yi a Ajakuta ta jihar Kogi, mai santimita 60 da 60, kalar ƙasa mai haske marar ƙyalli, kuka ce shi zai shiga da kowane fenti da kowane labule da mai saye zai zo da shi, kuma ba ya santsi in ya jiƙe. Kuka zauna da biro kuka yi min lissafi a gabana, kwali ɗaya guda 4 ne, murabba'in mita 1.44 kenan, aka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, sannan kuka sa yaro ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar duk lambarsu ɗaya ce, don kun ce ko kamfani ɗaya ne in ba gashi ɗaya ba ne kalar takan ɗan bambanta, kuma sai an gama sawa ake gani. Ni duk ban san wannan ba.

Yaran da suka yi aikin su ma Allah ya yi musu albarka. Hajiya ba ta riga ta tashi daga ƙasan gidan ba lokacin, ba su taɓa hawa sama ba tare da sallama ba, sun rataya leda a bakin matakala don kada ƙura ta sauko mata, tsohon kafet ɗin suka yanyanka shi suka naɗe suka sauke ta baranda da igiya zuwa cikin akori kura. Sai da suka fasa daɓen da ya lalace suka sake shi ya daidaita tukunna suka fara jera tayil, da zare da ma'aunin nan mai ruwa a ciki, a bakin ƙofa inda tayil ya haɗu da tarazo kana iya jan ƙafarka ba ka ji tudu ba. Da aka gama ogansu ya miƙo min mukulli ya ce in bi ɗaki ɗaki ina ƙwanƙwasawa, duk wanda na ji ya yi ƙarar fanko in nuna masa ya cire. Na samu a bayan ƙofar ɗakin Baba, bai yi min musu ba, nan take ya ɓalle ya sake sawa. Matakala kuwa tarazonta aka goge aka sa mata abin hana santsi a bakin kowane taki.

Kwalayen da suka yi saura kun karɓa kun dawo mana da kuɗinsu, sai ɗaya da kuka ce a bar wa wanda zai sayi gidan ko wata rana wani ya fashe. Kuma komai da rasit, har kuɗin siminti da na mota, wanda hakan ya taimake ni sosai ranar da na zauna gaban 'yan uwa ina ba da bahasi, duk wanda ya taɓa riƙe dukiyar gado ya san irin maganganun da ke tasowa a wannan zama, amma alhamdulillahi babu wanda ya ɗaga murya.

Gida dai an sayar, mun sallama a farashin da kowa ya gamsu, an biya dillalai la'adarsu, malamai sun raba kowa ya karɓi haƙƙinsa. Wanda ya saya da ya hau sama tarazon nan ya tsaya yana kallo, ya ce irin aikin da ba a samu yanzu.

Alhaji Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare muku shago daga gobara da asara, ya jiƙan magabatanku, ya shirya muku zuri'a. Hajiya tana gaishe ku, ta ce a gaida oga da yaransa da kyau.

Wassalam,
Naku, wakilin magada.