Kafin a ƙaro batir, a duba ƙarfin iska

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana mutanen Jos da suka fara kafa fankar iska a gida don samun wuta. Ni tsohon malamin koyar da aikin lantarki ne, na yi ritaya ina zaune a Rikkos, amma duk da haka sai da na kashe sababbin batura biyu da hannuna.

Garinmu yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma duk wanda ya kwana a nan cikin hunturu ya san yadda iska ke kaɗa kwanon ɗaki. Wannan ne ya ja ni na kafa fanka a bayan gida, na haɗa mata batura biyu masu bolt 12, kowanne 200Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke iya riƙewa), a jere suka ba da bolt 24. Shekara biyu muna zaman lafiya. Daga nan wuta ta fara ɗaukewa kafin kiran assalatu, uwargida kuma ta sa ni gaba saboda firjinta. Na ce ai maganin mai sauƙi ne, na shiga kasuwa na sayo sababbi biyu na jona su a gefen tsofaffin. Ba a yi wata takwas ba, su ma suka fara gajiya kamar yayyensu.

Laifi na farko, gama sabo da tsoho. Idan aka haɗa su a gefen juna, tsohon da ba ya riƙe caji sai ya riƙa zuƙe na sabon, sabon kuma shi ke ɗaukar mafi yawan kayan, har ya tsufa kafin lokacinsa. Na sha faɗa wa ɗalibai haka a aji, amma da na ga kuɗin batura huɗu a lokaci guda sai na yi kamar ban taɓa ji ba.

Laifi na biyu ya fi girma, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Batir randa ce, fanka ita ce mai ɗebo ruwa, ni kuwa randa na ƙara ban ƙara mai ɗiba ba. A yi lissafi tare da ni. Batura huɗu irin nawa suna ɗaukar wat 9,600 na awa guda, kuma batirin dalma irinsu ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 4,800. An rubuta wat 1,000 a jikin fankata, amma wannan sai iska ta kai gudun mita 11 ko 12 a daƙiƙa. Idan gudun ya ragu da rabi, ba rabin wutar ake samu ba, kashi ɗaya cikin takwas ne, wat 125 ke nan. Da irin wannan iskar sai an yi awa 38 kafin a mayar da abin da aka sha, mu kuwa kowane dare muna sha. Batirin da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yake kama farantansa ya taurare, daga nan ba ya sake komawa yadda yake.

Sai maganar wurin ajiya. Ni a ɗan sito marar taga na jera su, jikin kicin, don kada yara su taɓa. Allah ne ya tsare. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, ba ta da wari, kuma da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, ɗan tartsatsi ya isa. Tana da sauƙi, sama take tashi, don haka ƙofar fitarta a sama ya kamata a huda. Sanyin Jos rahama ne a nan, domin batir ya fi son zafin da bai wuce digiri 25 ba, kuma duk ƙarin digiri kamar 10 yana iya cinye rabin rayuwarsa. Kada mutum ya ɓata wannan rahamar ya cusa su ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa.

A ajiye baturan kusa da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutarsu irin ta gida, amma kada a rataya inbatar a kansu, hayaƙin asid yana cin ƙarfe. Wat 1,000 a kan bolt 24 yana jan amfiya sama da 40, don haka waya ta zama gajera mai kauri, tsawonta ɗaya a kowane layin batura, da fiyus ga kowanne. Idan layi biyu ne, a ɗauki jar waya daga layin farko, baƙa daga na ƙarshe, don kaya ya rabu daidai.

Ga wani abu da masu sola ba su saba da shi ba: kada a kuskura a kwance batir fanka tana juyawa. Nauyin cajin ne ke riƙe ta, idan ta rasa shi sai ta yi gudun da zai iya karya fukafukanta ko ya ƙona kwantirola, na'urar da ke daidaita caji. A fara taka mata birki tukuna.

Yanzu na sayar da huɗun ga masu sayen dalma, na koma biyu sababbi da aka yi su wata ɗaya, ragowar kuɗin na sa faifan sola biyu don ranakun da iska ta kwanta. Na huda bangon siton sama da ƙasa. Firjin dai muna kashe shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma har yanzu uwargida ba ta yafe mini wannan ba.

Naku,
Mai karatu daga Rikkos, Jos