Katifa daga ƙasa take fara mutuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan katifa da gadon da take hawa. Mu masu sana'ar katifa ne da kafintoci a Garwa. Idan iyaye suka shigo kasuwa haɗa kayan ɗakin 'yarsu, abin da suka fi dubawa shi ne kaurin katifa, kyan yadinta da kwalliyar fuskar gado. Kafin shekara biyu sai rami ya fito a tsakiya, a ce mai shago ya yi cuta. Wani lokacin gaskiya ne. Amma sau da yawa abin da ke ƙarƙashin katifar ne ya kashe ta, kuma nan ne wurin da ba mai leƙawa ranar ciniki.

Soso ba shi da ƙashi, duk siffar da ya tarar a ƙasa ita yake ɗauka. Kafinta mai son rage katako yakan jera shida ko bakwai a gado mai tsawon santimita 190, ya bar tazarar taki guda a tsakaninsu. Kowane dare nauyin mutum yana tura soson cikin waɗannan guraben, gefen katakon kuma yana cin sa kamar wuƙa. Wanda ya juya tsohuwar katifa ya ga layi-layi sun nutse a bayanta, ya ga shaidar wannan aikin. Tazarar kada ta wuce santimita 7, wato kimanin yatsu huɗu. Idan faɗin kowane katako santimita 7 ne, gadon yana bukatar 13 ko 14, kuma kaurin kowanne ya kai santimita 2. A ƙirga su a gaban kafinta kafin a biya cikon kuɗi.

Gadon da faɗinsa ya kai santimita 140 ba zai rayu ba sai da dogon katako a tsakiya, daga kai zuwa ƙafa, da ƙafa ɗaya ko biyu da ke taka ƙasa sosai. In babu shi katakan suna lanƙwasa a hankali, miji da mata su riƙa gangarowa tsakiya, a ɗora wa katifa laifi. Wannan ya fi tsanani da farin katakon ayus da ake kawowa daga kudu ta Ngaundere, domin ba shi da nauyi kuma ƙwari na son sa. Ganin garin katako a ƙarƙashin gado alama ce ta cewa ana cin sa daga ciki.

Wasu sukan shimfiɗa falanki guda ya rufe gadon baki ɗaya. Ya fi jeren katako mai gurabe, amma yana hana iska. Jikin mutum yana fitar da gumi duk dare, balle a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Injamena. Gumin yana ratsa soson ya sauka ƙasa, in bai sami mafita ba ya zama danshi da baƙin funfuna. A huda falankin, rami mai faɗin santimita 2 a kowane taki. Mai kwana da katifa a kan siminti kuwa ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, ya riƙa jingine katifar da bango da safe, musamman da damina, musamman a Ngaundere inda ruwa ke daɗewa.

Akwai kuma akwatin ɗora katifa da masu Faransanci ke kira somiye, wani da katako zalla a ciki, wani da sifirin. Mai sifirin an yi shi ne domin katifar sifirin, su biyun su raba nauyi. Yawancin waɗanda ke shigowa nan gwanjo ne, sun riga sun gaji. A danna shi da gwiwa a wurare da dama: in wani wuri ya nutse fiye da wani, ko ya yi ƙara, a bar shi. Haka tsohon gadon ƙarfe mai ragar waya da ya zama kamar ƙwarya. Mai walda ya gitta masa ƙarafa a ɗora katako, in ba haka ba sabuwar katifa za ta ɗauki siffar ramin.

Sai awo. Kafintocinmu da santimita suke aiki, gadon mutum ɗaya 90 da 190, na biyu 140 da 190, sai 160 zuwa sama. Katifun Najeriya kuwa da inci ake yanka su: wadda ake kira shida da huɗu da rabi (wato tsawo da faɗi a awon ƙafa) faɗinta inci 54 ne, wato santimita 137, shida da shida kuma ta kai 183. A auna cikin gadon da tef kafin a je kasuwa. Katifar da aka cusa da ƙarfi tana tashi a tsakiya, ɗinkinta ya ɓalle.

Ita kanta katifar, kauri ba shi ne inganci ba. Abin da ke nuna ƙarkon soso shi ne yawan kilo a kowace mita kubik (wato dunƙulen soso mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri), lambar da ake rubutawa a jiki, 18 ko 22 ko 28 ko 32. Ana iya tantance lambar da sikeli. Katifa mai 140 da 190 da kaurin 20 ta ɗan wuce rabin mita kubik. In lamba 18 ce soson zai yi kilo tara da rabi, in 28 ce zai kusa 15, ban da nauyin rigarta. Wadda aka rubuta wa 30 amma yaro ya ɗaga ta da hannu ɗaya, rubutun ƙarya ne. A ganinmu, babba mai kwana a kanta kullum kada ya sauka ƙasa da 25, ma'aurata da masu jiki su nemi 28 zuwa sama. Gara mai kaurin 15 ta lamba 30 da mai kaurin 25 ta lamba 18.

Sikelin ma ana yi masa dabara, domin wasu masana'antu na zuba garin farar ƙasa a haɗin don ƙara nauyi. Saboda haka a buɗe zif a taɓa soson da hannu. A matse shi da ƙarfi a sake: mai kyau yana dawowa nan take, mai gari yana jinkiri, yana da kaushi, in an murza gefensa sai ya marmashe. Sannan mai saye ya cire kunya ya kwanta a kai na minti goma yadda ya saba kwanciya. In kafaɗa ko kwankwaso na jin katakon ƙasa, ta yi masa laushi ko siranta.

Masu ciwon baya sukan nemi wadda ta fi kowace tauri. Wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka buga a mujallar The Lancet a 2003, ya nuna masu kwana a kan matsakaiciyar katifa sun fi samun sauƙi a kan masu kwana a kan mai tauri sosai. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da sunan katifar asibiti guntayen soso ne aka manne aka matse. Suna da ƙarko, amma ba magani ba ne.

Ledar da katifa ta zo a ciki a cire ta ranar farko. Mun san ana barin ta don gudun datti, amma tana riƙe gumi da zafi, ita ce ke kawo warin da ba ya fita. In akwai yaro mai fitsarin kwance, a sa abin tare ruwa a sama kawai, ƙarƙashin zanin gado, a bar gefe da ƙasa suna shan iska. In ta jiƙe kada a kwarara mata ruwa, soso yana shanye shi ya yi kwanaki bai bushe ba. A danna da busasshen tawul, a goge da ɗan ruwan sabulu, a barbaɗa bikarbonat, a jingine ta inda iska ke kaɗawa. Rana kuwa tana ƙona soso tsirara, ya yi ja ya fara marmashewa, don haka a shanya ta da rigarta, awa biyu da hantsi sun isa. Duk wata uku a juya kai ya koma ƙafa, a kuma kifa ta in mai fuska biyu ce. Katifar auduga ko ta rimi ita ce ke son rana sosai, ta fi sanyi da bazara, sai dai tana dunƙulewa, sai an farke ta an shiɓe audugar an ƙara sabuwa.

Kuɗin cizo ya fi zama a gado fiye da katifa: mahaɗar katako, ramukan ƙusa, bayan fuskar gado, sai ɗinkin gefen katifa. A kwance gadon, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗai, a goge ɗinkin da buroshi mai tauri, a wanke zannuwa da ruwan zafi. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana shida zuwa goma, saboda haka a maimaita aikin bayan mako ɗaya, a sake bayan mako biyu. Muna roƙon jama'a don Allah kada a yayyafa piya-piya a kan abin da za a kwanta a kai, kada kuma a shigo ɗaki da ƙwayar da ake sa wa hatsi a sito, domin iskar da take fitarwa ta sha kashe mutane cikin barci. Fetur da kananzir ma haka, soso yana kama wuta nan da nan, hayaƙinsa guba ne. Maganin sauro na kunnawa da kaskon turaren wuta a ajiye su nesa da gado, aƙalla mita guda.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar katifa da kafintoci,
Garwa, Kamaru