Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Honarabul Chlöe Swarbrick, shugabar jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli ta Niyu Zilan

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kina lafiya ke da abokiyar shugabancinki Marama Davidson.

Ni ɗalibi ne daga arewacin Najeriya, karatu ya kawo ni Auckland, kuma a mazaɓarki nake haya. Ƙuri'a dai ba ni da ita a nan, amma ruwan da ya ci garin nan ranar 27 ga Janairun 2023 bai tambayi kowa fasfo ba, har ɗakina ya shiga ya jiƙa min katifa da littattafai, mutum 4 suka rasu. To shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Tun kafin in zo na san labarinki. Kina shekara 22 kika fito takarar magajin garin Auckland a 2016, ba jam'iyya ba uban gida ba kuɗin kirki, sai waya da soshiyal midiya, kika zo ta uku da ƙuri'a sama da 29,000. Shekara na zagayowa kika shiga majalisa kina 23, rabon da a ga mai ƙarancin shekaru haka a zauren tun Marilyn Waring a 1975. Bidiyon nan na 2019 da kike magana kan dokar rage hayaƙi wani ya katse ki kika ce masa "OK boomer", wato "to mun ji, tsoho", har a guruf ɗinmu na WhatsApp ya zagaya. Mutane kalma biyun nan suka riƙe, ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne da kika ce a 2050 shekararki 56. Na zauna na yi lissafin nawa shekarun, jikina ya yi sanyi wallahi, don mu ne za mu zauna cikin abin da ake yankewa yau. Akwai inda ban bi ki ba, maganar halatta wiwi da kika tsaya wa a 2020 ban yarda da ita ba har gobe, amma wannan bai hana ni ganin gaskiyarki kan muhalli ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A zaɓen 2023 jam'iyyarku ta samu kujeru 15, ba ku taɓa samun haka ba, kuma mazaɓu uku kuka ci kai tsaye: Auckland Central da kike riƙe da ita tun 2020, Wellington Central, da Rongotai. Duka ukun cikin birni suke ranki ya daɗe. Alhali kusan rabin iskar da ƙasar nan ke fitarwa mai ɗumama duniya daga gona take fitowa, mafi yawa gyatsar shanu da tumaki. Wato inda ciwon yake daban, inda ake jin maganarku daban.

Na yi aikin hutu a wata gonar tatsar madara a Waikato, tashin ƙarfe 4 na asuba cikin sanyi da taɓo, kuma ni ɗan gidan kiwo ne, babana da shanu ya biya min kuɗin makaranta, don haka da mai gonar ya fara magana na gane yarensa tun kafin ya gama. Bai musa cewa yanayi ya canza ba ko kaɗan, shi da yake ganin ciyawa na ƙonewa lokacin da bai saba ba. Abin da ke cin sa bashin banki ne, da kuma jin cewa 'yan birni masu shan madararsa a kofi sun mai da shi mai laifi. Makiyayi ko a ina yake, in ka fara da zagin saniyarsa ka gama magana da shi. Haka manoma suka cika tituna da taraktoci suna zanga-zanga a 2021, kuma da gwamnatin Christopher Luxon ta zo ta cire noma daga tsarin biyan kuɗin hayaƙi a 2024, ta kuma soke haramcin neman sabon mai da gas a teku da aka sa a 2018, ƙauye bai yi kuka ba, don ba su taɓa jin dokokin nan nasu ne ba.

Kuma fa su ne suka fi shan wuya. Guguwar Gabrielle ta Fabrairun 2023 ta kashe mutum 11, ta binne gonakin tuffa da inabi a Hawke's Bay cikin laka, ta yanke hanyoyin Gisborne. Waɗannan mutanen ba sa bukatar lacca kan canjin yanayi, da shebur suka kwashe shi daga ƙofar gidajensu.

Kin san marigayiya Jeanette Fitzsimons fiye da ni. Ita ce 'yar Green ta farko da ta ci mazaɓa, Coromandel a 1999, kuma a gona take zaune tana noma da hannunta. Ke ce ta biyu. Tun Maris 2024 da kika karɓi shugabanci bayan James Shaw aiki ya yi miki yawa na sani, amma roƙona ki ware kwanaki ki je Waikato da Taranaki da Southland ba tare da kyamara ba, ki zauna a rumfar tatsa ki bari su faɗi son ransu ko da da faɗa ne, yadda kika riƙa bin ƙofa ƙofa a Auckland Central har kika ci kujerar da ake cewa ba za ta ciwu ba. Sannan ki zo musu da lissafi a fili, wa zai biya kuɗin canza kiwo, nawa ne, shekara nawa za a ba su.

In kin sa rana ki sanar a shafinki, zan hau bas in zo in tsaya a baya in saurara.

Naki mai fatan alheri,
wani ɗalibi mazaunin Auckland Central