Kukan kardan bayan an ɗaga mota: a auna kafin a sauke pon

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu ja hankalin masu motocin kat-kat da ƴan'uwanmu makanikai kan wata asara da ta yawaita a nan Damagaram. Mutum zai ƙara wa Land Cruiser ko Hilux tsayi, ya sa lam (faifan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota) masu kauri da dogayen amortisar saboda rairayi da ramukan hanyar Tanut zuwa Agadas ko ta Gure, kwana biyu sai ƙarƙashin mota ya fara gurnani da kakkarwa. Yana shiga garaji a ce masa pon ne, wato gatarin da ke raba juyi ga tayoyi. A sauke, a sayi wani da tsada, kuka kuma yana nan daram. Sau da yawa pon lafiyarsa ƙalau. Abin da ya canja shi ne karkatar kardan, sandar ƙarfen da ke kai juyi daga bwat (akwatin giya) zuwa pon, kuma auna karkatar ba ya cin ko dala.

Ga dalili. Kurwaziyo, wato gicciyen ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke kowane bakin kardan, in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya: a kowane zagaye yakan yi sauri ya lafa har sau biyu. Na bakin pon ne ke goge abin da na bakin bwat ya jawo, amma sai in karkatarsu ta zo daidai da juna. Da an ɗaga mota, bwat ya hau sama tare da shasi, pon kuwa yana ƙasa tare da tayoyi. A kardan mai tsawon mita 1, ƙarin tsayi na milimita 50 yana ƙara karkata kusan digiri 3, in kuma guntu ne na santimita 70 sai ta kai 4. Kardan ɗin nan yana juyawa fiye da sau 2000 a minti idan mota na gudun kilomita 80, shi ya sa ɗan bambanci kaɗan yake zama kakkarwar da ake ji a tafin ƙafa, madubi kuma ya dushe.

Kafin a taɓa kile, a fita kan kwalta a saurara. Kakkarwar da ke zuwa lokacin tashi, tsakanin kilomita 15 da 40, ta ɓace da an ɗaga ƙafa daga wuta, karkata ce. Wadda ke zuwa a wajen 80 zuwa 100 ko an ba da wuta ko an cire giya, a nemi ta a tayoyi ko a kardan da ya lanƙwashe ko ya rasa ɗan ƙarfen da ke daidaita nauyinsa. Ta taya tana girgiza bolan a hankali, ta kardan kuwa siririya ce kamar kukan zuma. Gurnanin da ke ƙaruwa in an karkata dama, ya ragu in an karkata hagu, rulman taya ne. In kuma tare da ɗagawar aka sa manyan tayoyi masu ƙwari, a mayar da tsofaffin na yini ɗaya, domin su kansu suna kuka.

Sai a raba gaba da baya. Motar da ke da makullai a cibiyar tayoyin gaba, irin Land Cruiser 79, a buɗe su a bar ta a 2H, wato tayoyin baya kaɗai ke ja. Kardan gaba ba ya juyawa, duk kukan kardan da aka ji daga baya yake. Domin a tabbatar, a tokare tayoyi, a yi wa bakin kardan baya alama da fenti, a kwance shi, a kulle makullan, a sa H4 domin tayoyin gaba su ja, a yi tafiya a hankali da gaba kaɗai. In mota ta yi shiru, an kama ɓarawo.

Tun da kardan yana hannu, a murɗa kowane kurwaziyo ta ko'ina. Wasa ko tauri ko jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin kofunansa na nufin ya mutu. Tsohon kurwaziyo yakan sassaƙa wa kansa gurbi a karkatar da ya saba, da an canja masa ita sai ya fara kuka ko da jiya shiru yake. A duba kuma kunnuwan da ke riƙe kurwaziyo biyun: dole su kasance a layi ɗaya. Wanda ya zare kardan daga kulis, gaɓar nan mai haƙora da ke zamewa ciki da waje, ya mayar da shi da kuskuren haƙori ɗaya ya haifi kakkarwar da babu wani awo da zai gyara. Kulis ɗin ma ɗagawa tana jawo shi waje, haƙoran da suka rage a ciki su yi kaɗan, sai a riƙa jin "kwas" a tashi da tsayawa. A ba shi giris famfo biyu ko uku kawai, in aka cika shi ba zai iya komawa ciki ba, ya riƙa dukan rulman bwat.

Awon kansa da wayar hannu ake yi, mai manhajar auna karkata. Mota ta tsaya a kan daɓe, tana ɗauke da kayan da ta saba ɗauka. Wannan muna nanata shi, domin motar da aka auna fanko sannan aka loda mata gangunan mai da buhuna ta zama wata mota daban. A auna bakin bwat, jikin kardan, da bakin pon. Bambancin bwat da kardan shi ne karkatar gaba, na kardan da pon shi ne ta baya. An fi so kowace ta tsaya wajen digiri 1 zuwa 3, abin da ya fi muhimmanci kuwa kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce digiri 1. In ta wuce, a sa kal, wato matoshi mai gangare, na digiri 2, 3 ko 4 tsakanin lam da mazaunin pon, a sake awo, domin inda kaurinsa zai fuskanta ya danganta da ko lam a saman pon suke ko a ƙasa. A nemi na ƙarfe, na alminiyam yakan fashe a hanyar marmara. A sa doguwar kusar tsakiya da sababbin birid, ƙarafan da ke ɗaure lam da pon, a sake ɗaure su bayan kilomita 500. Idan kardan mai kurwaziyo biyu a haɗe a bakin bwat ne, dokar ta juya: hancin pon zai kalli bwat kai tsaye, ƙasa da digiri 1 ko 2. Hilux mai kardan gaɓa biyu kuwa, a sauko da rulman tsakiya milimita 5 a kowane gwaji har kakkarwar tashi ta lafa.

Hilux na 2005 zuwa yau gabanta ba gatari ɗaya ba ne, kowace taya da ƙaramin kardan nata. Tsayin da ya wuce milimita 50 yana sa tudun sufile, robar da ke rufe gaɓar kardan, su riƙa gugar juna har robar ta yage, rairayi ya shiga giris ya zama kamar dutsen niƙa. Ƙas-ƙas a kwana alamar gaɓar waje ce, kakkarwa in an ba da wuta ta ciki ce. Ko dai a rage tsayin, ko a sauko da pon na gaba kamar milimita 25.

Sai an gama duk wannan ne ake zargin pon, shi ma ba a fara da sauke shi. A kwance kusar juye mai a duba maganaɗisunta: laushin toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli shi ne matsala. Kukan pon na gaskiya fito ne da ke canja murya tsakanin ba da wuta da sakinta.

Abu na ƙarshe ya shafi rai, ba kuka ba. A ɗaga motar har tayoyi su rataya a duba tiyon birki, in ya miƙe tsaf a sa dogo. Bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon lodi yana ɗaukar motar da aka ɗaga tamkar fanko ce, ya rage wa baya birki, saboda haka a ɗaga mazaunin sandarsa daidai da tsayin da aka ƙara.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu makanikai,
Unguwar Zango, Damagaram