Direban bas ne fa ya fara, mu me ya hana mu?

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili na yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Legas, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago.

Duk wanda ya ji labarin gwagwarmayar baƙar fata a Amurka sai ya ce Martin Luther King, shi ke nan. To akwai wani mutum Esau Jenkins a tsibirin Johns na jihar South Carolina, bas yake tuƙawa yana kai mutane aiki. A lokacin ba a yi wa baƙar fata rajistar zaɓe sai ya ci jarrabawar karatu, a ɗauko kundin tsarin mulkin jiha a ce karanta, alhali an san da gangan aka bar shi ba ilimi. Shi ne bawan Allahn nan ya riƙa koya wa fasinjojinsa sashen kundin da ake tambaya, a cikin motar, ana tafiya ana bita. A 1957 shi da Malama Septima Clark suka buɗe ajin manya a bayan wani shago, kuma malamar farko Bernice Robinson sana'arta gyaran gashi ce, ba wata farfesa ba. Mutum ya koyi rubuta sunansa, ya koyi cike fom, daga nan ya wuce ofishin rajista.

Kuma fa sun sha wuya. Wata mata Fannie Lou Hamer a jihar Mississippi a 1962 ta je yin rajista, tana dawowa mai gonar da take wa aiki ya kore ta. A 1964 an kashe matasa 3 a Mississippi kan wannan aikin, a Maris 1965 'yan sanda suka yi wa masu tattaki dukan kawo wuƙa a gadar garin Selma na jihar Alabama, sai a Agusta Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Kafin dokar, baƙar fata masu rajista a Mississippi ba su kai kashi 7 cikin 100 ba, zuwa 1967 sun kai wajen kashi 60.

Mu nan ba mai yi mana jarrabawa, amma sai ka ga mutum ya shekara da shekaru a Legas, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'ya, yana biyan kuɗin tikiti a kasuwa kullum, katin zaɓensa kuwa na ƙauye ne ko ma babu gaba ɗaya, ranar da aka zo rusau ko aka hana acaba sai a koma gindin rumfa ana ta ƙorafi. Wane kansila ne zai saurari wanda ba ya zaɓe a mazaɓarsa? INEC ta yarda a sauya wurin zaɓe, da yawanmu cike fom ɗin ne kawai matsalar, wasu kuma kunyar tambaya suke ji.

Ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai, azuzuwan Islamiyya babu kowa bayan Isha'i, a buɗe ajin yaƙi da jahilci, har da na mata da rana. Yaranmu da suka gama sakandare suna zaune, su za su koyar.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Agege, Legas