Wasiƙa daga ɗakin jiran 'yan wasa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal? Mu nan Bauchi hunturu ya sauka, da safe ko duwatsun gari ba a gani don hazo.

Ranar Laraba wani gidan talabijin ya gayyaci ƙungiyarmu mu yi ɗan gajeren wasa kan shaye-shaye. Da isarmu aka kai mu wani ɗaki kusa da inda ake ɗaukar shiri, aka ce mu jira. Ma'aikatan suna kiransa da sunan Turanci mai nufin koren ɗaki, alhali bangonsa fari ne tas. Ashe tsohon suna ne daga gidajen wasan Landan, har an ambace shi a wani wasan kwaikwayo tun 1678.

Ba wani kaya a ciki, kujeru ne da madubi da ƙaramar talabijin mai nuna abin da ake ɗauka. Wata ma'aikaciya ta shafa mana hoda don kada goshi ya yi ƙyalli a hasken fitila. Can lungu wani dattijo makaɗin kalangu yana zaune, yana matsa tsarkiya yana kasa kunne. Shi ya lura hannun yarinyar da za ta fito a uwa yana rawa. Ya hana ta shan ruwan sanyi, ya zuba mata mai ɗumi daga filas ɗinsa, ya ce: "'Yata, riƙe maganarki ta farko kawai, sauran za su biyo." Haka kuwa aka yi.

Wallahi kai na tuna. Ka tuna ajin nan na bayan ɗakin taron makarantarmu, inda muke laɓewa kafin a ja labule? Zanen gado ne labulen, gemun kuma auduga da gam. Kai ne kake bina da takarda kana raɗa mini inda na manta. A wannan ajin na san ka da gaske. Da aka leƙo aka ce saura minti biyar, sai da na waiwaya gefena.

In tsoffin takardun wasanninmu na nan wurinka, don Allah ka taho da su da Sallah. Yaran ƙungiya suna son gani. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
amininka na Bauchi